Makaɗi Ma Ciki Gare Shi

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, garin Gadarif ya cika da 'yan gudun hijira, har da mawaƙan da suka rasa bukukuwan da suke samun na tuwo. Matasan da ke girka wa baƙi abinci kyauta sun nuna aikin sa-kai na iya riƙe gari. To, su ƙara da shagon waƙa: a tattaro tsofaffin kaset, irin na mawaƙiya A'isha Falatiya, a zuba a memori, a naɗi sababbin waƙoƙi, ribar ta koma hannun mawaƙa. Wani zai ce ana fama da yunwa wa ke ta kiɗa? Ai makaɗin ma iyali gare shi, kuma ciniki ya fi bara mutunci. Attajiran riɗin Gadarif, ku ba da shagon.