Ritayar Maigida, Aikin Uwargida

Duk wanda ya taɓa ratsa lungunan da ke gindin Dutsen Dala da hantsi, tun daga Madigawa da Bakin Ruwa har ya ɓulla Ƙofar Mazugal, ba zai rasa ganin dattawa a zaune kan dakali ba, wani da carbi, wani da rediyo a kunne, wani kuwa ya zuba wa hanya ido kurum. Da yawa daga cikinsu tsofaffin ma'aikata ne. In ka tambaya sai a ce maka, "Ai Malam ya yi ritaya, hutawa yake yi." To, ni abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wadda ba a gani a kan dakalin nan, wato matar da ke can cikin gida, wadda ba a taɓa yi wa walimar ajiye aiki ba, alhali kuwa daga ranar da mijinta ya ajiye nasa aikin, ita nata ya ninka.

Bari mu fara da kalmar ita kanta, tun da nazarin harshe muke yi. Ritaya baƙuwa ce, daga Turanci muka aro ta, tare da 'yan rakiyarta fansho da garatuti. Bahaushe yana da murabus, amma wannan ta masu sarauta ce. Dalili kuwa a fili yake. Masana tarihi sun ce maƙera ne masu neman tama suka fara zama a Dala, kuma tun daga su har zuwa marina da dukawa da fataken Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), babu wanda aka taɓa yanka wa ranar barin sana'a. Maƙeri yakan rage ɗaga masaba a hankali, ɗansa ya karɓa, shi kuwa ya zauna gefe yana gyara masa kuskure har ƙarfinsa ya ƙare. Aikin albashi ne ya zo mana da dokar cewa idan mutum ya cika shekara 60 da haihuwa, ko shekara 35 yana aiki, sai ya miƙa makulli ya koma gida, ko da kuwa da sauran ƙarfinsa, kuma babu wata maƙera da zai bar wa ɗansa.

Ina da kawu a ɗaya daga cikin unguwannin nan, a gidansa na yi wani ɓangare na ƙuruciyata, saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba. Shekara 35 ya yi yana akawu, yana fita da kekensa, daga baya da babur, tun rana ba ta yi zafi ba. Yanzu ga yadda wuninsa yake. In ya dawo daga sallar asuba sai ya zauna a soro ya yi tilawa har gari ya waye. A kawo masa koko. Ya saurari labarun safe. Daga nan fa sai wunin ya miƙe masa, dogo, babu abin da zai cika shi da shi sai ɗaurin aure ko suna ko jana'iza, in akwai. A watannin farko ya gwada zama a tsakar gida, sai ya tarar ashe gidan yana da nasa tsari da aka gina ba da shi ba. Matan makwabta da suka saba shigowa da hantsi suka ɗauke ƙafa don kunya. Ya shiga tambayar me ya sa gawayi ke saurin ƙarewa, me ya sa aka zuba mai da yawa a miya. Inna, matarsa, ta yi haƙuri har ta gaji, ran nan ta ce masa, "Malam, don Allah ka koma soro, ai nan ofishina ne." Ya yi dariya ya fita, amma na lura dariyar ba ta kai ciki ba.

Ita kuwa Inna, kafin ya dawo daga masallaci ta riga ta hura wuta. Ƙosai take soyawa da safe, alale da rana, tsakanin azahar da la'asar ta ɗauki hula tana ɗinki, ga adashi biyu da take zubi, ga jikoki uku da ake ajiye mata, ga maganin hawan jinin Malam da ita ce mai tuna lokacinsa. Dā can, lokacin da albashi ke shigowa, ribar wannan sana'a tata ce ita kaɗai, da ita take biki, da ita ta tara wa 'ya'yanta mata kayan ɗaki. Daga ranar da albashi ya tsaya, kafin fansho ya fara fitowa, wanda ya ɗauki watanni, kuɗin ƙosan nan su suka zama kuɗin cefane. Da fanshon ya zo kuma, sai ya zamana ba ya kai su tsakiyar wata. Ba a taɓa zama an yi shawarar haka ba. Abin ya sulale ne a hankali, kamar yadda ruwa ke cin gindin katangar ƙasa.

Kada mai karatu ya ɗauka gidan Kawu ne kaɗai. Dokokin fansho na ƙasar nan, ta shekarar 2004 da wadda ta maye gurbinta a 2014, sun yi bayani filla-filla kan abin da za a yanka a albashi da abin da mai ba da aiki zai ƙara, har ta 2014 ta sa kashi 8 cikin ɗari a kan ma'aikaci, kashi 10 a kan wanda yake wa aiki. Tsarin Mulkin 1999 ma, a sashe na 173 da na 210, ya ce a riƙa sake duba fansho duk shekara 5, ko duk lokacin da aka sake duba albashi. Magana ce mai daɗi a takarda. Amma da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki, kayan masarufi suka bi ta, kuma kasuwa ba ta jira wani kwamiti ya zauna ba. Wa ya cike giɓin? A gidajen da na sani, kaskon suya ne ya cike shi.

Wannan ciniki na cikin gida ba sabon abu ba ne ga manazarta. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa ta ƙasar Katsina, ta kira shi ɓoyayyen ciniki tun a 1969. Enid Schildkrout kuma ta zauna a Kano daga wajen 1976, ta yi nazari a Kurawa da Ƙofar Mazugal, ta nuna yadda matan kulle ke tafiyar da sana'o'insu ta hannun yara masu talla. Abin da nake so in ƙara a kai shi ne, a yau wannan ɓoyayyen ciniki ya zama fansho na biyu, wanda babu hukumar da ta san da shi, kuma mai biyan sa tsohuwa ce da gwiwoyinta suka fara ciwo. Yaran da za su ɗaukar mata talla ma suna makaranta, kuma haka ya kamata.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce ai zaman aure zaman taimakon juna ne, mace ta gari ba ta lissafi da mijinta, kuma 'ya'ya suna nan, su ya kamata su ɗauki nauyin iyayensu. Ban musa ba. Sai dai 'ya'yan nan, wasu sun gama jami'a suna zaune a ɗakin soro ba aiki, su ma daga tukunyar Inna suke ci. Batun rashin lissafi kuwa, a nan ne na rabu da masu wannan ra'ayi, kuma ba daga Turawa na ɗauko hujjata ba. A shari'ar Musulunci ciyarwa da tufatarwa da wurin kwana wajibi ne a kan miji, dukiyar mace kuwa tata ce. In ta ciyar da gida don Allah, ta yafe, ladanta yana wurin Ubangiji. Amma sau nawa aka tambaye ta ko kyauta ta yi ko rance? Sau nawa ta sayar da 'yan kunnenta aka gyara rufin ɗaki bayan damina, aka ce za a biya ta in garatuti ya fito, ya fito kuma aka yi shiru?

Ranar da wannan shiru ke ciwo ita ce ranar rabon gado. Matar da mijinta ya mutu ya bar 'ya'ya tumuni take samu, wato kashi ɗaya cikin takwas, in kuwa su biyu ne ko uku su raba tumunin nan a tsakaninsu. Wannan hukuncin Allah ne, babu mai ja da shi. Amma shari'ar da ta yanka tumuni ita ce ta ce a fitar da bashi kafin a raba kome, kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Gidajen cikin birni kuwa kowa ya san yadda suke: gida ɗaya, magada da yawa, ƙarshensa a sayar a raba kuɗi. Sai ka ga tsohuwar da ta riƙe gida shekara goma da guminta ta ƙare a ɗakin da suruka ta ga damar ba ta, don babu takarda, babu shaida, ita kuma kunya ba za ta bar ta ta buɗe baki gaban alƙali ba.

Saboda haka ina ganin, duk maigidan da ya ajiye aiki ya kamata ya zauna da matarsa, ya kira mutum biyu amintattu, a rubuta abin da ta zuba a gidan da sunan rance, abin da ta yafe kuma ta faɗa da bakinta. Malamanmu masu wa'azi a masallatan unguwa, waɗanda ba sa gajiya da tuna wa mata haƙƙin miji, su riƙa taɓo wannan ma. Masu shirya wa ma'aikata bita gab da ritaya su kuma, me zai hana su gayyaci matan, tun da su ne za su sarrafa ɗan abin da zai riƙa shigowa?

Na gwada kai wa Kawu wannan magana wata ranar Juma'a bayan la'asar, muna zaune a soro. Ya saurare ni har na gama, ya daɗe bai ce kome ba, sa'an nan ya ce, "Yaro, boko ya yi maka yawa. Ni da Innar yara sai mu rubuta takarda kamar 'yan kasuwa?" Na yi shiru, don ba a jayayya da na gaba. Bayan sati biyu na koma gaishe su, sai Inna ta ja ni gefe ta ce Malam ya tambaye ta nawa ta sayar da 'yan kunnen nan na zinariya a shekarar da katanga ta faɗi, kuma ta gan shi yana rubutawa a bayan littafin da yake lissafin fanshonsa. Shaidu dai har yanzu bai kira ba.