Sharhi: Yadda izinin filaye da siyasar birane ke yanke makomar gasar Gay Games

Daga ranar 3 zuwa 11 ga watan Nuwamba, 2023, birnin Hong Kong ya karɓi baƙuncin gasar Gay Games karo na 11, wato babban taron wasanni na masu neman jinsi ɗaya da masu sauya jinsi da magoya bayansu, wanda ake yi duk bayan shekara huɗu. Wannan ne karon farko da gasar ta je nahiyar Asiya. Bayan da birnin ya yi nasarar samun baƙuncin a 2017, masu shiryawa sun yi hasashen zuwan 'yan wasa 12,000. Waɗanda suka yi rajista a ƙarshe sun ɗan haura 2,300 ne kawai. An yi bikin buɗewa a zauren Queen Elizabeth mai ɗaukar mutum 3,500, a birnin da ke da babban filin wasa mai kujeru 40,000.

Babu wata hukuma da ta haramta gasar, babu kotun da ta dakatar da ita. Annobar korona ta yi nata ɓarnar, amma abin da ya ƙara tsuke taron shi ne ƙa'idojin kama fili, da jinkirin amsa takardu, da shirun gwamnati. Tarihin wannan gasa ya nuna cewa samun baƙunci abu ne daban, samun filin da za a yi wasan kuma abu ne daban, kuma a ofisoshin ƙananan hukumomi ake yanke hukunci na biyun.

Asalin gasar da rauninta

Wani likita Ba'amurke mai suna Tom Waddell, wanda ya wakilci ƙasarsa a gasar Olamfik ta 1968 a Mekziko, shi ya kafa gasar. An fara ta a San Francisco a 1982 da 'yan wasa kimanin 1,350. Tun kafin a busa usur na farko ta ci karo da doka: Kwamitin Olamfik na Amurka ya samo umarnin kotu da ya hana masu shiryawa amfani da kalmar Olamfik a sunan gasar, kuma Kotun Ƙolin ƙasar ta tabbatar da hakan a 1987.

Daga nan gasar ta zagaya Vancouver a 1990, New York a 1994, Amsterdam a 1998, Sydney a 2002, Chicago a 2006, Cologne a 2010, Cleveland a 2014, sai Paris a 2018, inda mahalarta suka kai kusan 10,000. Ta fuskar yawan jama'a, adadin ya yi kusa da na gasar Olamfik ta bazara. Ta fuskar tsari kuwa akwai tazara mai yawa. A Olamfik, birnin da kansa ne ke sa hannu a yarjejeniyar baƙunci, gwamnati kuma ta tsaya masa. A Gay Games, ƙungiyar sa-kai ce ta cikin gari ke ɗaukar nauyin, 'yan wasa su biya kuɗin rajista da na tafiya daga aljihunsu, kuma ƙofa a buɗe take ga kowa ba tare da wasan share fage ba.

A nan raunin yake. Wasanni 30 ko fiye suna buƙatar wuraren ninkaya, filayen ƙwallo, hanyoyin da za a rufe domin gudun fanfalaki, 'yan sanda, motocin ɗaukar marasa lafiya da inshora. Mafi yawan waɗannan na hannun hukuma. Wani lokaci ma har izinin shiga ƙasa: a 1994 sai da Ministar Shari'a ta Amurka, Janet Reno, ta ba da sassauci na kwana 10 ga dokar da ta hana masu ɗauke da cutar HIV shiga ƙasar, kafin wasu 'yan wasa suka iya zuwa New York.

Hong Kong: ba a hana ba, ba a taimaka ba

Hong Kong ɗin da ya doke Washington da Guadalajara a 2017 ba shi ne wanda ya karɓi baƙi a 2023 ba. A tsakani an yi zanga-zangar 2019, Beijing ta kafa dokar tsaron ƙasa a ƙarshen Yunin 2020, sannan korona ta sa aka riƙa killace masu shigowa a otal har na kwana 21. An ɗage gasar daga 2022 zuwa 2023, kuma a Fabrairun 2022 aka sanar cewa za a raba ta da birnin Guadalajara na Mekziko, abin da ba a taɓa yi ba.

Matsalar fili ta riga duk wannan fitowa. Hukumar kula da shaƙatawa da al'adu ce ke riƙe da akasarin wuraren wasanni na birnin, kuma tsarinta na bai wa ƙungiyoyin wasanni da ta amince da su fifiko wajen kama wuri tun da wuri. Masu shirya Gay Games ba sa cikin wannan rukuni. Ko dai su nemi haɗin gwiwar waɗannan ƙungiyoyi ɗaya bayan ɗaya, ko su bi layi kamar kowa. Ƙa'idar ba ta ambaci jinsi ba, kuma a kan takarda ba ta nuna wa kowa bambanci. Sai dai wanda zai gayyato baƙi daga ƙasashe 40 ba zai iya jira har 'yan watannin ƙarshe kafin ya san inda za a yi wasa ba, domin baƙon ba zai sayi tikitin jirgi a kan wataƙila ba.

Da batun ya je majalisar dokokin birnin a Yunin 2021, 'yar majalisa Regina Ip ta nemi gwamnati ta taimaka wajen samar da wurare, tana mai cewa taron zai ɗaga martabar Hong Kong a matsayin birnin duniya. Takwaranta Junius Ho ya ce abin kunya ne, ya kuma kira kuɗin shigar da ake hasashe ƙazamin kuɗi. Shugabar gwamnati ta wancan lokaci, Carrie Lam, ta nuna rashin jin daɗin irin waɗannan kalamai, amma matsayin gwamnati bai wuce cewa a bi ƙa'idar da kowa ke bi ba. Gab da buɗe gasar, Ho da wasu 'yan majalisa sun sake neman a hana ta, suna kafa hujja da dokar tsaron ƙasa. Ita ma wannan buƙata gwamnati ba ta biya ba.

Sakamakon shi ne an gudanar da yawancin wasannin a jami'o'i, makarantu masu zaman kansu da kulob-kulob, an kuma soke wasu. Tawagar Taiwan ta ƙi zuwa saboda fargabar dokar tsaro, ta nufi Guadalajara, inda gwamnatin jihar Jalisco ta mara wa taron baya kuma akwai filayen da aka gada daga gasar nahiyar Amurka ta 2011. Regina Ip, wadda a lokacin ke jagorantar majalisar ba wa shugaban gwamnati shawara, ita ce fitacciyar fuskar hukuma da aka gani a bikin buɗewa.

Ana iya fahimtar lissafin gwamnati. Haramta taron zai ɓata ƙoƙarinta na dawo da masu zuba jari da 'yan yawon buɗe ido bayan korona, kuma zai yi wuyar karewa a gaban kotu: tun 1991 aka daina hukunta mu'amalar jinsi ɗaya a birnin, kuma a Satumbar 2023 kotun ƙoli ta umarci gwamnati ta samar da tsarin amincewa da zaman irin waɗannan ma'aurata. Rungumar taron kuwa zai fusata masu ra'ayin riƙau da ƙungiyoyin addini da ke cikin magoya bayanta. Ƙa'idar kama fili ta ba ta hanya ta uku, wadda ba sai ta ce e ko a'a ba.

Crystal Lake: inda doka ta raba gardama

A Amurka an taɓa yin irin wannan takaddama, amma ta ƙare daban. Gasar 2006 ta samu cikakken goyon bayan magajin garin Chicago, Richard Daley. An buɗe ta a filin Soldier Field, aka rufe a Wrigley Field. Amma tseren kwale-kwale na buƙatar tafki, kuma wanda aka zaɓa yana ƙaramin garin Crystal Lake, arewa maso yammacin birnin, inda ikon Daley bai kai ba.

A watan Maris na 2006 hukumar kula da wuraren shaƙatawa ta garin ta kaɗa ƙuri'a, aka tashi biyu da biyu, buƙatar ta faɗi. Mazauna da dama sun yi adawa bisa dalilan addini da tarbiyya. Cikin mako guda, da mamba na biyar ya dawo, aka sake zama aka amince da uku da biyu. Abin da ya yi nauyi a tsakani shi ne gyaran dokar kare haƙƙin ɗan'adam ta jihar Illinois, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairun shekarar, ya kuma haramta nuna bambanci saboda yanayin jinsi a wuraren jama'a. Hukumar da ke ba wasu izinin amfani da tafkin ba ta da hujjar hana waɗannan, in ba tana neman shari'a ba. An yi tseren a watan Yuli.

Ba a tilasta wa kowa ya yarda da taron ba. Hukuma kawai aka tilasta wa ta yi wa kowa ma'auni ɗaya. Irin wannan rarrabewa ta sake fitowa a Cleveland a 2014, lokacin da wasu direbobin tasi Musulmi a filin jirgin saman birnin suka ƙi tuƙa motocin da aka liƙa wa tallan gasar, saboda ya saɓa wa addininsu. Gasar ta gudana, su kuma sun tsaya a kan matsayinsu.

Goyon baya ma na da nasa haɗari

Kuskure ne a ɗauka cewa da zarar birni ya buɗe hannu an gama. Tun farko Montreal ta Kanada aka bai wa gasar 2006, amma tattaunawa ta watse a 2003 kan yawan mahalarta da wanda zai riƙe lalitar kuɗi. Montreal ta shirya tata gasar ta daban mai suna World Outgames, da tallafin gwamnati, ta kuma ƙare da giɓin sama da dalar Kanada miliyan 5.

Abin da ya faru a Miami ya fi muni. Ranar 26 ga Mayu, 2017, sa'o'i kaɗan kafin buɗe World Outgames, masu shiryawa suka sanar da soke kusan dukkan wasannin saboda rashin kuɗi, bayan 'yan wasa sun riga sun sauka daga ƙasashe masu nisa. Hukumar birnin Miami Beach ta ba da dala 200,000, ta kuma yafe wasu kuɗaɗen haya. Daga baya sai ga ta tana neman 'yan sanda da masu gabatar da ƙara su binciki inda kuɗi suka shiga. Tun daga nan ba a sake yin wannan gasa ba. Jami'in da ke neman shaidar inshora da ta kuɗi kafin ya sa hannu ba lallai ne maƙiyin taro ba. Sau da yawa shi ne ke kare 'yan wasan da masu biyan haraji.

Valencia ta ƙasar Sifaniya, wadda aka bai wa gasar 2026, ta nuna wata fuskar. A 2021, lokacin da ta yi nasara a kan Munich da Guadalajara, masu ra'ayin sauyi ne ke mulkin birnin ƙarƙashin Joan Ribó. Zaɓen Mayun 2023 ya kawo María José Catalá ta jam'iyyar PP, wadda ta shigo da jam'iyyar Vox mai tsattsauran ra'ayin riƙau cikin gwamnatinta. Sabuwar hukumar ba ta yi watsi da gasar ba. Amma a 2024 ƙungiyoyin cikin gari da suka nemo baƙuncin, ciki har da Lambda da Dracs, suka janye, suna zargin gwamnati da ƙwace ragamar shirye-shirye domin gyara sunanta. Hukumar gasar ta duniya ta zaɓi ci gaba da aiki da birnin. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski: mai ba da fili da kuɗi yakan nemi kujera a teburin yanke shawara.

Abin da ya haɗa misalan

A Najeriya wannan muhawara ba ta taso ba, domin dokar da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi ɗaya, da shekara 10 kan kafa ko shiga ƙungiyoyinsu. Biranen da ake magana a kansu suna ƙasashen da doka ta halatta taron ne, amma al'umma ba ta zama baki ɗaya a kansa ba.

A irin waɗannan wurare abubuwa uku ne ake yawan cakuɗawa. Akwai izini, wanda doka ke iya tilastawa, kamar a Crystal Lake. Akwai fifiko wajen kama fili da rufe hanya, wanda ke hannun ma'aikata, kuma ana iya hana shi ba tare da an karya doka ba, kamar a Hong Kong. Akwai kuma kuɗi da halartar shugabanni, wanda zaɓi ne na siyasa tsantsa, kuma masu adawa na da 'yancin tambayar dalilin kashe harajinsu a kai.

Ana ba da baƙuncin gasar kimanin shekara biyar kafin a yi ta, wa'adin magadan gari da yawa kuwa shekara huɗu ne. Ke nan wanda ya rubuta wasiƙar goyon baya ba lallai ne shi zai sa hannu a takardar izini ba. Muddin hukumar gasar za ta ci gaba da karɓar wasiƙar fatan alheri a madadin yarjejeniyar da ta ambaci sunan fili, da rana, da farashi, wadda kuma za ta ɗaure gwamnati mai zuwa, to kowane birni da ya yi nasara zai sake neman baƙuncin a karo na biyu, a gaban majalisar da ba ita ta yi alkawarin ba.