Keken Batir Ba Keken Ragwaye Ba Ne

Jama'ar Sabo, wata magana na yawo a majalisun mai shayi wadda ya kamata mu taka mata birki. Da yaro ya wuce a kan keken batir, sai ka ji wani ya taɓe baki ya ce, "Ga keken ragwaye nan." Haba Alhaji! Kai da ko zuwa Dugbe sai ka tari ɗan okada, kai ne mai kiran wani rago?

Ibadan gari ne na tuddai. Duk wanda ya taɓa tura keke a hawan Mokola da buhun albasa a baya ya san abin da muke faɗi: ka iso sharkaf da gumi, cinya na rawa, kasuwa ta riga ta ci rabi. Shi wannan keken, ƙaramin inji ne a cikin cibiyar taya. Kana taka feda yana tura ka, sai ka ga tudu ya kwanta, iska na kaɗa maka riga. Wallahi akwai daɗi, kuma daɗin halal ne. Yaushe wahala ta zama shaidar mazantaka?

Mu zo ga lissafi. Kafin 29 ga Mayu, 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, litar fetur ba ta kai naira 200 ba. A 2024 ta haura 1,000. Batirin irin wannan keken kuwa, ko ya mutu murus, bai cika shan yunit ɗaya na mita ba kafin ya cika. Yaron da ke kai nama ko goro daga Bodija zuwa Sabo sau uku a yini, me ya rage masa in ya biya kuɗin mota? Kuɗin nan na cefane ne da na makarantar allo.

Masu suka suna da gaskiya a abu ɗaya: batirin yana kamawa da wuta in an yi masa ganganci, wutarsa kuma tana da wuyar kashewa. Gidajenmu na haya ɗaki ne a jikin ɗaki. Don haka ba mu yarda a jona shi a ɗakin kwana a yi barci ba, balle da cajar jabu ko batirin da ya kumbura ko ya sha ruwa.

Amma maganin wannan rumfa ce, ba zagi ba. Muna roƙon fadar Sarkin Sasa da ta Sarkin Sabo, da masu hannu da shuni, a kafa wurin caji mai sola a fili, da mai gadi, kowa ya biya ɗan abin da aka yanka.

Iyayenmu da ƙafa suka kawo shanu Kurmi. Da jirgin ƙasa ya zo, ba wanda ya ce musu ragwaye don sun shiga. A bar yaranmu su hau tudu ba haki. Allah Ya kiyaye hanya.