Hawan Dutsen Raigad a Tsakiyar Damana

A wannan fitowa za mu leƙa jihar Maharashtara ta ƙasar Indiya, inda ake da wata al'ada da za ta ba manominmu mamaki. Da zarar ruwa ya sauka a watan Yuni, mutanen biranen Mumbai da Pune sukan kwashi iyalansu su nufi duwatsun Sahyadri domin hawa tsofaffin ganuwoyin yaƙi da aka gina a ƙololuwarsu.

Ɗaya daga cikin mafi shahara ita ce ta Raigad, wadda Sarki Shivaji ya mayar fadar mulkinsa. A can aka yi bikin naɗinsa a 1674, a can kuma ya rasu a 1680. Mai hawa da ƙafa sai ya taka matakala fiye da 1,000, ko da yake tun 1996 akwai keken igiya mai kai mutane sama. A 2025 hukumar UNESCO ta sanya ta cikin ganuwoyi 12 na daular Marata da ta karɓa a matsayin kayan tarihin duniya.

Da rani dutsen a ƙone yake. Da damana kuwa sai ya lulluɓe da tsanwa, gajimare na ratsa ƙofofin ganuwa, ruwa na zubowa ta kowace tsaga. Wannan kyau shi ke jan jama'a, kuma a cikinsa hatsarin yake. Baƙin dutsen ba ya shan ruwa, gansakuka ta mai da shi santsi, abin da aka zuba a sama kuwa yakan taru ya gangaro cikin mintoci kaɗan. Wanda ya taɓa ganin busasshiyar ƙorama ta cika alhali ko ɗigo bai sauka inda yake tsaye ba, ya san abin da nake nufi.

A Yulin 2024 ruwa ya mai da matakalar Raigad tamkar kogi, maziyarta suka maƙale a gefe suna riƙe da juna, har hukuma ta rufe hanyar. Mako guda kafin nan, kusa da garin Lonavala, ruwa ya tafi da mace ɗaya da yara 4 ƴan gida ɗaya a gaban idon danginsu. Allah Ya jiƙan su.

Ni dai ban ga uzurin magidancin da zai hau irin wannan dutse da ƙananan yara a watan Yuli ba. Tsanwar tana nan har Oktoba, lokacin da ruwa ya ja baya kuma matakala ta bushe.