Tsohon Faifai da Sabon Sutudiyo: Ina Muryar Kotso Ta Shiga?

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar masu cajin waya a kasuwar Gummi, ko ta Nasarawar Burkullu a ƙasar Bukkuyum, zai shaida wani abu da ya kamata ya dami ɗalibin Hausa. Dattijo ya zo da 'yar wayarsa ya ce a zuba masa Narambaɗa ko Ɗanƙwairo, saurayi kuma ya zo ya ce a zuba masa sababbin waƙoƙin Kano. In aka kunna su bi da bi, sai sabuwar ta cika rumfa har ta tsallaka titi, tsohuwar kuwa sai an ƙara mata murya, ga wani shuu a bayanta kamar yayyafi a kan kwanon rufi. Saurayi ya ce na da ba su da inji, dattijo ya ce na yanzu hayaniya ce kawai. Kowannensu ya riƙe wani sashe na gaskiya, amma sashen dattijon ya fi nauyi, kuma akwai hujjar da za a kafa masa wadda ta wuce begen zamanin da ya shuɗe.

Ya kamata a fara da yadda aka ɗauki waɗancan waƙoƙi. Gidan rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, da na Rima a Sakkwato, da kamfanonin faifai irin su EMI, duk hanyarsu kusan ɗaya ce. A tara makaɗi da 'yan amshinsa da masu kiɗansa wuri guda, a kafa musu makirfo ɗaya ko biyu, a ce bisimilla. Abin da ya fito shi ke nan. In ɗan amshi ya makara da ɗauka, yana nan a faifai. In wani ya yi tari, ko maroƙi ya kutsa da kirari, yana nan. Saboda haka wanda bai ƙware ba ba ya ko kusantar wurin, domin babu inda zai ɓuya.

To, me kunne ke ji a irin wannan ɗauka? Yana jin tazara. Kotso, wanda Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru suka yi suna da shi, da yatsu ake kaɗa shi, ana matsa tsarkiya ana saki, sautinsa yana hawa yana sauka yadda maganar Bahaushe ke yi. Taushin Jankiɗi shi ma da yatsu ne. Yatsa kuwa ba ya dukan fata sau biyu da ƙarfi ɗaya. Idan jagora zai kawo ɗa mai nauyi, sai masu kiɗa su sassauta, su ba muryarsa fili; da ya dire, sai su taso gaba ɗaya da 'yan amshi, har mai sauraro ya ji tsigar jikinsa ta tashi. Wannan tasowa ba ta da wani asiri illa sassautawar da ta gabace ta. Wanda bai ji sanyin asuba ba, ba zai san rana ta take ba.

Sutudiyon yau wata duniya ce dabam. Tun da waƙoƙin finafinai suka bunƙasa a Kano cikin shekarun 1990, fiyano, musamman ƙirar Yamaha, ya maye gurbin tawagar makaɗa, daga baya kwamfuta ta zo ta haɗiye shi. Ana ɗaukar dukan kalangu guda ɗaya, a adana shi, a yi ta maimaita shi daga farkon waƙa har ƙarshenta, ba ragi ba ƙari. Mawaƙi ya shiga ɗaki shi kaɗai, ya rera layi layi, mai amshi ta zo wata rana ta yi nata, wataƙila ba su ma haɗu ba. Sa'an nan a bi muryar da manhajar daidaita sauti irin Auto-Tune, wadda ta fito a 1997. A ƙarshe a matse waƙar duka domin ta yi ƙara.

Wannan matsewa ita ce gindin magana, kuma mai awo ya fi kowa saurin fahimtarta. Na'urar zamani tana da iyakar ƙarar da za ta ɗauka, kamar yadda mudu ke da baki. Mai son waƙarsa ta fi ta maƙwabci ƙara ba shi da ikon faɗaɗa mudun, sai dai ya ɗaga wuraren da ke da taushi su kai baki, ya kuma share tozon wuraren da ke da ƙarfi. Tozon da ake sharewa kuwa shi ne ainihin lokacin da gula ta sauka a kan fata. Shi ya sa gangar sutudiyo take da ƙara amma ba ta dukan ƙirji, shi ya sa kuma kunne ke gajiya bayan waƙa uku ko huɗu, alhali tsohon kaset yakan yi ta juyi tun daga la'asar har isha'i ba wanda ya ce a kashe.

Kada mai karatu ya zaci wannan kuka na Hausawa ne kaɗai. Turawa suna da wani kiɗa mai tsananin amo da suke kira hebi metal, wanda ake yi da gita ta lantarki da manyan ganguna, kuma masoyansa sun daɗe suna irin wannan jayayya. Ƙungiyar Black Sabbath ta birnin Bamingam a Ingila ta ɗauki faifanta na farko cikin yini ɗaya a watan Oktoba na 1969, kusan kamar yadda ake ɗaukar makaɗan fada, kuma har yau ana yaba nauyin sautinsa. A 2008 kuwa ƙungiyar Metallica ta Amurka ta fitar da faifan Death Magnetic, aka matse shi har sauti ya riƙa tsagewa. Dubban masoyanta suka sa hannu a takardar koke a intanet, bayan sun gano cewa kwafin da aka sa a wasan kwamfuta na Guitar Hero, wanda bai sha wannan matsa ba, ya fi daɗin ji. Watau mutanen da suka gina kiɗansu kacokan a kan ƙara, su da kansu suka ce ƙara ta ɓata musu kiɗa.

Amma fa adalci ya wajaba. Tsohuwar ɗauka tana da aibobinta, kuma ɗalibin da ya taɓa zama da rikoda yana rubuta waƙa domin kundinsa ya fi kowa saninsu. Faifan garmaho ba ya cin fiye da kimanin minti uku a kowace fuska, don haka dole a datse waƙa. Kaset kuwa, daga wannan a kwafa zuwa wancan, kowane kwafi yana rage haske yana ƙara shuu. Rana ta gasa shi, batir ya yi sanyi, muryar makaɗi ta koma ta wani. Sau da yawa jagora ya danne 'yan amshi, sai an maimaita wuri guda sau goma kafin a kama kalma. Bugu da ƙari, abin da ya rage a hannun mutane zaɓaɓɓe ne. Na banza an yi, lokaci ya tankaɗe su. Na'urar yau kuwa, in don ita, ta fi ta da nesa ba kusa ba. Kuma mai sutudiyo yana da uzurinsa: waƙarsa a ƙaramar lasifikar waya za a ji ta, ko a kan babur, ko a tasha, inda mai taushi ba ta da kasuwa. Laifin yana ga zaɓin da aka yi da na'urar. Shi ma uzurin ya fara rauni, tun da dandamali irin su YouTube da Spotify sukan rage muryar waƙar da ta cika ƙara, ta dawo sahun sauran, ta yi asarar tozonta a banza.

Inda abin ya shafi Sashen Hausa kai tsaye shi ne harshe. Hausa da karin sauti take rarrabe ma'ana, da tsawon wasali. Manhajar da ke jan murya ta dasa ta a kan matakin fiyano, in aka tsananta ta, takan mai da sauti mai faɗuwa ya zama tsalle daga mataki zuwa mataki, amsa-kuwwar da ake lafta wa waƙa kuma ta haɗiye ƙarshen gaɓa. Mai nazarin karin harshen Zamfara da zai dogara da irin wannan ɗauka nan da shekara talatin, da wuya ya tantance abin da bakin mawaƙi ya furta da abin da inji ya furta masa. Tsohon faifan Sa'idu Faru, duk da shuu ɗinsa, shaida ne da za a iya kafa hujja da shi a kan yadda Bazamfare ke magana.

Abin takaici, yanzu har tsofaffin ma ba su tsira ba. Akwai masu “gyara” su kafin su zuba a memori: su goge shuu har su tafi da rabin kotso, su ƙara amsa-kuwwa, wani ma ya shimfiɗa fiyano a ƙarƙashi. Yaron da ya fara jin Ɗanƙwairo ta wannan hanya zai girma yana zaton haka Ɗanƙwairo yake, ga shi kuwa tun 1991 ya rasu, ba mai sake kafa masa makirfo.

A yammacin Zamfara lamarin ya fi gaggawa. Nan ne fadar Sarkin Zamfaran Anka, da ta Sarkin Mafaran Gummi, da ta Sarkin Dankon Bukkuyum, ƙasar kiɗan sarauta da na noma da na dambe. Fiye da shekara goma ta'addancin 'yan bindiga ya rage gayya da wasan dare da taron kaka, watau makarantun da yaro ke koyon kiɗa da kunne. Wanda ya tsere daga ƙauyensa cikin dare zuwa garin Anka, ba ya tsayawa ɗaukar kwalin kaset. Ambaliyar da ta auka wa Gummi a 2024 ita ma ba ta tambayi abin da ke ƙarƙashin gado ba.

Aikin bai fi ƙarfin Sashe ba. Ɗaliban da suka fito daga waɗannan garuruwa za su iya aro kaset daga dattawansu lokacin hutu, a juye shi a kwamfuta yadda yake, da shuu ɗinsa da tarinsa, ba tare da an matse shi ba, a rubuta sunan makaɗi da wurin da aka samo shi, a mayar wa mai shi abinsa. Makaɗan kotso da na taushi da suka rage kuma a ɗauke su da na'urar yau amma bisa hanyar da: su duka wuri guda, a zaure ko a ƙofar fada, makirfo biyu, kuma mai riƙe da inji ya ɗauke hannunsa daga maɓallin ƙara har sai sun dire.