Wayar Miliyan, Katin Ɗari Biyu

Da kakar bara ɗan yayana ya kwashe gyaɗarsa da wakensa ya kai kasuwa, ya haɗa da ragon da mahaifiyarsa ta yi wata takwas tana turke masa, ya hau mota daga ƙauyenmu na ƙasar Minjibir sai kasuwar waya ta Farm Centre a birnin Kano. Bayan magariba ya dawo da iPhone ta hannu, irin wadda ake kira 'yar Landan. Samari suka yi masa caa a bakin masallaci, wannan ya karɓa ya shafa, wancan ya ce a ɗauke shi hoto. Ba a yi kwana goma ba ya same ni a zaure yana sosa ƙeya, ya ce, "Baffa, a taimaka mini da katin ɗari biyu, zan kira wani." Na tura masa katin, na kuma ce ya zauna. Abin da na faɗa masa a ranar shi zan maimaita a nan, domin ba shi kaɗai ba ne. Daga Dawakin Tofa zuwa Bici, daga Makoɗa da Ɗambatta zuwa Gabasawa, ko'ina za ka ga irinsa: waya mai tsadar gaske a hannu, cikinta kuwa babu ko sisin kira.

Ku saurare ni, samari. Wannan wauta ce, kuma ba zan sa mata wani suna mai daɗi ba.

Kakanninmu sun san doki, sun san kyansa, amma talakan da ya sami rarar kuɗi jaki yake saya. Ya san kuɗin doki ba a ranar ciniki yake ƙarewa ba. Akwai harawa, akwai dusa da dawa da kanwa, akwai yaron da zai riƙa yanko masa ciyawa safe da yamma. Jaki kuwa zai kai taki gona, ya kwaso amfani, ya ci abin da ya samu. Babbar waya doki ce, kuma abincinta uku ne: data, wutar caji, da sabis mai ƙarfi. Ku gaya mini wanne daga cikin ukun nan muke da shi a wadace a ƙauye.

Mu fara da layi. A Ingila da Amurka, waɗanda aka tsara irin waɗannan wayoyi domin mutanensu, mai albashi yakan shiga yarjejeniya da kamfanin layi, a ba shi waya, ya riƙa biya wata-wata har shekara biyu ko uku, kuɗin wayar da na kira da na data duk a haɗe. In ya koma gida akwai wayfai, in ya je ofis akwai wayfai. Mu a nan ba haka muke ba. Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, kusan kowa sai ya biya kafin ya yi amfani. Kamfanin layi bai rage maka ko kobo a kuɗin waya ba, kai za ka zube kuɗinta gaba ɗaya a kasuwa, sannan ka dawo kana loda kati. In ka sayi data ta kwana ɗaya ko ta mako ko ta wata, wa'adi ya cika ba ka sabunta ba, abin da ya rage ya tafi. In ka danna *303# ka ci bashi, za a cire ladan aro, kuma duk katin da ka sa daga baya bashin ne zai fara lashe shi. Mai sayen data ta naira ɗari biyu, ɗari uku, kullum-kullum, shi ne ya fi kowa biyan tsada a kan kowane giga, kamar yadda mai awon gwangwani ya fi mai sayen buhu shan wahala. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin ɗari. Kuɗin gyaɗarka bai ƙaru don tausayin wannan ba.

Ita kuma babbar waya ba ta san kai talaka ba ne. Kana barci tana aiki: tana kwashe hotunanka tana ajiyewa a intanet, tana sabunta manhajojinta, tana janyo bidiyo mafi kyawun gani ko ba ka nema ba. Sabunta babbar manhajarta kaɗai kan ci giga da dama. Shi ya sa za ka ga mai ita ya kashe wannan, ya toshe wancan, ya rufe data sai zai duba saƙo. To duk abin da ka biya maƙudan kuɗi dominsa kai da kanka ka kashe shi da hannunka. Me ya rage? Gilashi mai sheƙi da tambarin da ke bayanta.

Ana yi muku tallar 5G. Gaskiya ne MTN ta buɗe shi a 2022, har da wasu unguwanni na birnin Kano. Amma a ƙauyukan da suka yi nisa da titi, mutum sai ya fita bayan gari ko ya hau tudu yana ɗaga hannu kafin saƙo ya tafi. Saurin waya ba ya wuce ƙarfin ƙarfen sabis ɗin da ke kusa da ita. Kuma kowa a nan ya san amfanin layi biyu, domin inda wannan ya ɗauke wancan yakan kama. Yawancin iPhone gurbin layi ɗaya gare su, waɗanda aka yi wa kasuwar Amurka kuwa daga iPhone 14 zuwa sama babu gurbin ma gaba ɗaya, sai layin da ake dasawa a ciki. Na ga yara da yawa da babbar waya a aljihun gaba, 'yar ƙarama mai tocila a aljihun gefe, kuma da ƙaramar suke kira.

Caji kuma fa? Garuruwa nawa ne a cikinmu turakun wuta suke tsaye ba wuta, wasu ma ba su taɓa ganin turken ba? Sai a kai wa mai caji, a jera wayar ɗaruruwan dubbai a kan tebur ɗaya da wasu hamsin, janareta na hawa da sauka, cajar da aka samu ita ake sa mata. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta yi ta hawa har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, mai caji ma ya ƙara nasa kuɗin, kuma yana da gaskiya. Batirin wayar hannu dama ya sha jiki a hannun mai ita na farko. Ga zafin bazara, ga ƙurar hunturu, ga gumi a gona. Ranar da ta suɓuce ta faɗi, gilashinta kaɗai ya isa kuɗin sabuwar ƙaramar Android, kuma gyaran sai an shiga birni, titin Beirut ko Farm Centre, da kuɗin mota zuwa da dawowa. Ban ma yi maganar ƙwacen waya ba, wanda ya ci rayukan bayin Allah a Kano, kuma mai babbar waya shi ɓarawo ya fara hange.

Duk wannan asarar aljihunka ce, kai ta shafa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne inda kuɗin ya fito.

Ƙasar nan tamu ba irin sauran ba ce. Mutane sun yi yawa, gonaki ƙanana ne, gado ya rarraba su har wata ba ta fi a nome ta da safe a tashi kafin azahar ba. Ba mu da dajin da za a sare a yi sabuwar gona, ba mu da halin barin gona ta huta. Kowace damina ana shuka ta, shekara da shekaru, kuma ba ta mutu ba. Wani masani Bature, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero, ya shafe shekaru tun daga wajen 1960 da 'yan kai yana nazarin yadda aka yi gonakin kewayen Kano suka jure wannan. Amsar da ya samu duk tsohon da ke ƙauyenmu ya san ta: abin da aka ɗauka daga gona ana mayar mata. Harawar gyaɗa da ta wake da karan dawa su shiga bakin tumaki da awaki, kashinsu da tokar murhu da sharar gida su koma gona a kan jaki da rani. Gero da dawa da wake a gona ɗaya, gawo da ɗorawa a tsaye ba a sarewa. Ragon da ke turke a tsakar gida shi ne bankin gida, shi ne kuma mai ba da taki. In ka kwance shi ka kai kasuwa don ka sayi waya, ka yi asara biyu a rana ɗaya: ka cinye ajiyar da za a fitar ranar ciwo ko haihuwa, ka kuma hana gona abincinta. Tunkiya tana haihuwa. Waya kuwa daga ranar da ka fito da ita daga shago darajarta take sauka, kuma duk shekara kamfanin zai fito da sabuwa, taka ta koma tsohon yayi.

Ku yi lissafi da kanku. Sabuwar iPhone babba, wadda ake ce wa Pro Max, dala 1,199 ake fara sayar da ita a Amurka. A farkon 2023 dala ɗaya wajen naira 460 ce a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Wato a lokacin wayar nan ta tasam ma naira miliyan biyu kafin ɗan kasuwa ya ɗora ribarsa. Mafi ƙarancin albashi a Jihar Kano naira 71,000 ne, ma'aikaci sai ya haɗa na shekara biyu cur bai ci bai sha ba. Kai da ba ka da albashi, kakarka sau ɗaya ce a shekara. Ko ta hannun da kuke saya, kuɗinta ya isa buhunan takin zamani da za su wadaci gandu da gayauna, har a sayi iri da maganin feshi.

Wasu sun gano wata hanyar, wai biyan kaɗan-kaɗan. A ba ka waya ka ajiye wani abu, saura ka riƙa biya duk mako ko duk wata, in ka haɗa jimilla ta zarce farashin kasuwa nesa ba kusa ba, ranar da ka makara kuma a kulle wayar daga can tana hannunka. Manomi ba ya samun kuɗi duk mako. A watan Yuli da Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba, a lokacin ne saƙon biya zai riƙa shigowa. Na san gidan da aka auni hatsin ci aka biya bashin waya. Har maganar jinginar gona na ji, kuma wallahi duk wanda ya jinginar da gonar ubansa saboda waya ya ci amanar matattu da ta 'ya'yan da bai haifa ba tukuna.

Kada wani ya ce mini da ita zai nemi kuɗi. Mun ji wannan a 2024, lokacin da samari suka kwana suna dangwalar gilashi wai suna mainin, aka sayi waya aka sayi data saboda wasan Hamster Kombat, watan Satumba ya zo aka raba abin da bai mayar wa da yawansu ko kuɗin caji ba. Wanda sana'arsa ɗaukar hoto da bidiyon biki ce, ko ɗinki yake yana tallata shi, wannan kayan aiki ya saya, ban da magana a kansa, kuma shi zai iya nuna maka abin da wayar ta shigo da shi a wata. Kai fa? Buɗe ta mu gani. TikTok ne da ƙwallon Turai da hira har ƙarfe biyun dare, da safe a nemi mai riƙe garma a rasa.

Ba na ƙin waya, kuma duk wanda ya ce manomi ba ya bukatarta bai san noman yau ba. Da ita ake jin farashin kasuwar Dawanau kafin ɗan kasuwa ya zo ƙofar gida ya yi maka wayo. Da ita ɗan cirani yake turo kuɗi daga Legas ko Fatakwal, kuma a farkon 2023, lokacin da takardar naira ta ɓace saboda canjin kuɗi, wanda ya iya tura kuɗi ta waya ya fi kowa samun sauƙi. Da ita ake kiran mai mota in naƙuda ta zo da dare, ake sauraron karatun malamai, ake duba sakamakon jarrabawa. Duk wannan Tecno ko itel ko Infinix mai sauƙin kuɗi tana yi, da layi biyu, da batirin da ke kwana ya wuni, kuma mai gyaranta yana nan a kasuwar ƙauye.

Ku ma 'yan mata ban ƙyale ku ba. Wadda take auna saurayi da wayar da ya zaro daga aljihu, ko ta ce sai an saya mata irin ta ƙawarta kafin ta fito zance, ta sani cewa kuɗin nan daga cikin abincin gidan da za ta shiga aka yanko shi. Iyaye kuma, musamman mu maza, mun yi sake. Yaro yana cin tuwon gandu, bai taɓa sayen ko mudun gishiri ba, ya shigo da wayar da ta fi kuɗin saniya, uba ya gani ya kawar da kai, uwa ta ce Allah ya sanya alheri. Ba wanda ya tambaye shi ina ya samu, da me zai ci da ita. Ni ma na ga ɗan yayana yana ɗaure buhuna a ranar, ban tambaye shi ina za shi ba, kuma wannan laifina ne.

Da damina ta faɗi bana, gayaunarsa ba ta ga taki ko kwano ɗaya ba. Geron maƙwabcinsa ya yi baƙi ƙirin ya rufe mutum, nasa ya tsaya ja-ja iya gwiwa, gonakin biyu kuwa iyaka ɗaya ce ta raba su. Ya zo yana neman rancen kuɗin yuriya, na ce masa ba zan ba shi ba sai ya koma inda ya sayo wayar ya ji nawa za su saya. Ya je ya dawo, abin da suka taya bai kai kuɗin ragon da gyaɗar ba, ko kusa. Na ce ya sayar a hakan, ya sayi ƙarama, ragowar ya kawo mu je kasuwa tare mu zaɓo tunkiya mai ciki kafin kuɗin su narke.