Darasin da ya kamata yaro ya gane kafin a ba shi makullin babur

1/ Jiya da daddare na tarar da ƙanina, ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare, yana ta nanata "kainetik enaji, fotenshal enaji". Na ce to mene ne su? Ya zubo min ma'anar da Turanci tas, ko waƙafi bai tsallake ba. Na ce faɗa min da Hausa. Shiru kake ji. Zare ne, ku biyo ni.

2/ Abin haushin, akwai danƙo a aljihunsa. Na ce ciro, sa dutse, ja robar ka riƙe, kar ka saki. Dutsen yana motsi? "A'a, Yaya." To in kawo goshina gabansa? Ya ce "Kai Yaya, ai sai a kai ka kemis." Ashe ya san akwai wani abu a cikin robar nan ko da komai na tsaye.

3/ Abin nan shi ne fotenshal, wato ajiyayyen kuzari. Da ka saki roba sai ya koma kuzarin motsi, kainetik ke nan. Minti biyu ya gane abin da ya yi sati yana hadda. Ra'ayina shi ne, koyar da wannan darasi ta hanyar kwafar allo asara ce, kuma asarar ta wuce ta maki.

4/ Tsayi ma ma'ajiya ce. Lissafinsa: nauyi × 10 × tsayi. Guga mai lita 10 kilo 10 ne. Ka jawo shi daga rijiya mai zurfin mita 15, ka ajiye jul 1,500 a cikinsa. In ya suɓuce ka yi ƙoƙarin tare igiya, tafin hannunka zai yi zafi. Kuzarin ne ya koma zafi, ba ya ɓacewa.

5/ Madatsar Kainji da aka buɗe a 1968 a kan kogin Kwara, da ta Shiroro a kan kogin Kaduna, duk gugan nan ne a babban sikeli. A tare ruwa a sama, a sake shi ya gangaro ya juya injin. Wani ɓangare na wutar da kake cajin waya da ita daga nan ta fito.

6/ Yanzu ga inda nake so ku tsaya. Kuzarin motsi = ½ × nauyi × gudu × gudu. Duba da kyau, gudu sau biyu ya fito. Ka ninka nauyi, kuzari ya ninka biyu. Amma ka ninka gudu, huɗu zai ninka. Ka ninka gudu uku, ya ninka tara. Ƙwaƙwalwarmu ba ta yarda da wannan cikin sauƙi.

7/ Ba mu kaɗai ba, masana ma sun daɗe suna musu a kai. A shekarun 1720 wani ɗan Holan, Gravesande, ya riƙa sako ƙwallayen tagulla a kan laka mai laushi yana auna ramin. Gudu ya ninka biyu, rami ya ninka huɗu. Wata 'yar Faransa, Émilie du Châtelet, ta kare wannan hujja a littafinta na 1740.

8/ Laka fa. Ba kwamfuta, ba janareta.

9/ Mu kawo shi kan titi. In ka yi karo a babur kana gudun kilomita 30 a awa, daidai yake da faɗowa daga mita 3.5, kamar daga kan rufin ɗaki. A gudun 60, mita 14 ne, kusan bene mai hawa huɗu. Wa zai yarda ya diro daga can? Amma kullum muna ganin yara suna murza 60 a lungu, ba hular kwano.

10/ Birki ma haka. Aikinsa ya mayar da kuzarin motsi zafi. In gudu ya ninka biyu, tazarar da za ka ja bayan ka taka birki ta ninka kusan huɗu. Shi ya sa "ai na taka birki" ba ya hana a buge akuya, ko yaron da ya ɓullo da gudu daga zaure.

11/ Kuma yaron da ake koya wa wannan a aji, shi ne wanda bayan shekara biyu ko uku za a ce "ɗauki mashin ka kai niƙa". Wasu ma tun yanzu suna hawa a ɓoye, kun san su, wataƙila ku ne.

12/ Na san abin da malamai za su ce: aji cike maƙil, babu ɗakin gwaji, jarrabawa kuma da Turanci za a yi. Gaskiya ne, ban raina wahalarsu ba. Amma yaron da ya gane abu da harshensa, ɗora masa sunan Turanci aikin minti biyar ne. Wanda ya haddace kawai, a juya tambayar kaɗan ya zube.

13/ Batun kayan aiki kuwa, a kwaɓa laka a faranti, a samo dutse mai santsi. A sako shi daga rabin mita, a sake sakowa daga mita biyu. Gudun ya ninka biyu ke nan. Yara su gwada ramukan da idonsu. Wanda ke da lilo a unguwa ya lura a ina ya fi gudu, a ina yake ɗan tsayawa.

14/ Mun gwada da ƙanina a tsakar gida yau da safe. Ya daɗe yana kallon rami na biyun, sannan ya ce, "Yaya, kai nawa kake gudu in za ka kasuwa?" Na ce je ka wanke hannu, ka makara.